Mun Tara Bayanai, Mun Sayi Manhaja, Amma Riba Ba Ta Motsa Ba

Tambaya: Ina aiki a wani matsakaicin kamfani da ke sayar da kaya ta intanet da kuma rassa. Shekara biyu ke nan muna tara bayanan ciniki, har an sayi manhaja mai fitar da zane-zanen alƙaluma kala-kala. Duk mako muna zama mu kalle su, amma ban ga shawarar da ta canza ba, riba ma tana nan inda take. Shin nazarin bayanai yana da amfanin da ake zuzutawa, ko dai mu ne ba mu iya ba?

Amsa: Malam, yana da amfani ƙwarai, kuma ba rashin iyawa ke damun ku ba. Kun fara gini ne daga rufi. Na daɗe ina wannan aiki da kamfanoni manya da ƙanana, kuma abin da ka kwatanta shi ne ciwon da na fi tararwa: an tara bayanai, an ƙawata su, sannan an zauna ana jira su yi magana. Su kuwa bayanai ba sa buɗe baki sai an yi musu tambaya, kuma tambayar da ke da amfani ita ce wadda wata shawara ke jiran amsarta.

Ga abin da za ka gwada a zamanku na mako mai zuwa. Ka bi zane-zanen ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi waɗanda ke zaune: in wannan adadi ya hau me za mu yi, in ya sauka kuma me za mu yi? Duk zanen da aka yi shiru a kansa, ko amsar ta zo iri ɗaya ko ya hau ko ya sauka, ado ne, a sauke shi. Kada ka yi mamaki in cikin ashirin uku ko huɗu suka tsira.

Daga nan sai a rufe kwamfuta a ɗauki takarda, a rubuta shawarwarin da kamfanin ke yankewa a kai a kai. Nawa za a saro na kowace haja, kuma yaushe? Wane kaya za a karya wa farashi kafin ya yi kwantai? Ina za a zuba kuɗin talla? Wane reshe ke buƙatar ƙarin hannu, a wace rana? Wa za a ba kaya bashi? A cikinsu a zaɓi wadda kuɗi mai yawa ke bi ta cikinta, kuma ake maimaita ta sau da yawa. Maimaitawar ce ta fi muhimmanci. Shawarar da ake yankewa sau ɗaya a shekara goma ba ta da tarihin da za a koya daga gare shi, amma wadda ake yankewa sau dubu a rana, ɗan gyara kaɗan ma in aka yi mata sai ya taru ya zama tudu. Kamfanin UPS na Amurka mai rarraba saƙonni ya gina tsarin da ya kira ORION don amsa tambaya guda: wace hanya direba zai bi yau, kuma wane gida zai riga wane? Kamfanin ya lissafa cewa rage mil ɗaya kacal daga tafiyar kowane direba a kowace rana yana tsimin kusan dala miliyan 50 a shekara, kuma ya ce tsarin zai rage masa tafiyar mil miliyan 100 da galan miliyan 10 na mai duk shekara. Tambayar ce ta fara zuwa, sannan aka nemo bayanan da za su amsa ta.

Da zarar kun tsai da tambaya, abin da za ku fara cin karo da shi ba zai yi muku daɗi ba: bayanan ba su da tsaftar da zane-zanen ke nunawa. Na taɓa shiga wani kamfani inda sashen talla, sashen kuɗi da sashen karɓar koke kowanne yake da nasa adadin abokan ciniki, kuma babu wanda ya yi ƙarya. 'Yan talla suna ƙirga duk wanda ya yi rajista, 'yan kuɗi suna ƙirga wanda ya biya, na ukun kuma lambobin waya suke ƙirgawa, mai layi biyu ya zama mutum biyu. Mun shafe makonni ba mu taɓa wani lissafi mai zurfi ba, sai fayyace ma'anar kalmomi: wane ne abokin ciniki, yaushe ake cewa an yi ciniki, ranar oda ce ko ranar biya ko ranar da kaya suka isa, kayan da aka dawo da su daga wane wata za a cire su. Aiki ne mai gundura wanda ba a tafa wa kowa a kansa, amma duk abin da aka ɗora a kansa bayan nan ya tsaya. Kuma ba ƙananan wurare kaɗai abin ke samu ba. A Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bayyana cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu da korona sun zube daga rahotonta, saboda an zuba sakamakon a tsohon samfurin fayil ɗin Excel (manhajar jera alƙaluma a layi-layi) wanda ba ya ɗaukar layi sama da 65,536. Abin da ya haura iyaka sai ya ɓace shiru. Shi ya sa nake nacewa kowane adadi mai nauyi a gwada shi da wata majiya daban: cinikin da manhaja ta nuna da abin da ya shiga banki, kayan da kwamfuta ta ce suna nan da waɗanda aka ƙirga da hannu a sito.

Sai zaman nan naku na mako-mako. Ina jin na san yadda yake gudana. Ciniki ya sauka da kashi 4 cikin ɗari, a nemi wanda za a ɗora wa laifi. Mako na gaba ya hau da kashi 5, a yaba wa wanda ya fitar da sabon talla. Alhali yawancin wannan hawa da sauka numfashin kasuwa ne, babu wanda ya jawo shi. Tun 1924 masanin ƙididdiga Walter Shewhart, yana aiki a kamfanin Western Electric, ya fito da maganin wannan. A jera adadin na tsawon lokaci, a ja layin matsakaici, a ja iyaka ta sama da ta ƙasa gwargwadon yadda adadin ya saba kai-komo. Abin da ke yawo tsakanin iyakokin a ƙyale shi. Wanda ya tsallake, ko ya jera makonni da yawa a gefe ɗaya na layin, shi ake tashi a bincika. Wani masanin ƙididdiga ɗan Amurka, W. Edwards Deming, ya kai wannan koyarwa Japan a 1950, masana'antunsu suka riƙe ta hannu bibbiyu. A Excel ma za ka zana shi cikin rabin awa, kuma zai raba ku da cacar baki mai yawa.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne batun sanadi. Kusan duk tambayar da mai kasuwanci ke son amsarta ita ce: in na yi kaza, me zai biyo baya? Zane-zanenku kuwa abin da ya faru kawai suke nunawa, ba sa nuna abin da zai faru in da ba a yi komai ba. A ce kun aika saƙon rangwame ga mutum 1,000, sai 200 suka zo suka saya. Manhaja za ta rubuta cewa rangwamen ya kawo ciniki 200. To, da ba a aika saƙon ba, nawa ne cikinsu za su zo da ƙafarsu? In 170 ne, rangwamen mutum 30 kawai ya kawo, sauran kuwa kun rage musu kuɗin da dama a shirye suke su biya cikakke. A kan allo an ci nasara, a aljihu an yi asara, kuma duk tsawon lokacin da za ku ɗauka kuna kallon zanen ba zai faɗa muku ba.

Wannan ya faru da kamfanin eBay mai kasuwar saye da sayarwa ta intanet, wanda ba ya rasa ƙwararru ko bayanai. Ya daɗe yana biyan kuɗi masu yawa don tallarsa ta riƙa fitowa a saman sakamakon bincike a intanet, kuma alƙaluma suna nuna cewa masu latsa tallar suna saye, don haka kowa ya gamsu. A 2012 wasu masana tattalin arziki da ke aiki da kamfanin, Thomas Blake da Chris Nosko da Steven Tadelis, suka sa aka gwada. Da farko aka dakatar da tallar da ke fitowa idan mutum ya rubuta sunan eBay da kansa, a shafukan bincike na Yahoo da Bing. Kusan duk masu zuwa suka ci gaba da zuwa, sai dai yanzu ta mahaɗin kyauta da ke ƙasa da tallar suke shigowa. Ashe kamfanin yana biyan kuɗi ne don a nuna wa mutum ƙofar da ya riga ya nufa. Sannan suka kashe sauran tallace-tallacen binciken a wasu yankunan Amurka na tsawon kwana 60, suka bar su a wasu yankunan, suka kwatanta. Sakamakon, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna tallar tana tasiri ga sababbin masu saye da masu saye jifa-jifa, amma yawancin kuɗin yana ƙarewa ne a kan tsofaffin abokan ciniki waɗanda ko ba talla za su zo. A dunƙule, abin da aka kashe ya fi abin da ya dawo.

Gwaji ba tona asara kaɗai yake yi ba, yana kuma tono ribar da aka binne. A 2012 ɗin dai, wani ma'aikacin Microsoft ya kawo shawarar a ɗan sauya yadda ake nuna kanun tallace-tallace a Bing. An raina ta, ta kwashe fiye da wata shida a ajiye, har wani injiniya ya ga ba ta da wuyar yi ya gwada ta a kan wani kaso na masu amfani. Kuɗin shiga ya ƙaru da kashi 12 cikin ɗari, abin da ya haura dala miliyan 100 a shekara a Amurka kaɗai. Ron Kohavi, wanda ya jagoranci harkar gwaje-gwaje a kamfanin, ya ruwaito cewa kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai na dabarun da ake gwadawa ke inganta abin da aka nufa, kashi ɗaya ba ya canza komai, ɗayan kuma ɓarna yake yi. Waɗannan dabarun mutane ne masu ilimi da gogewa. Na yi imani haka abin yake a kamfaninku, haka yake a kan dabaruna ni ma, kuma ba abin kunya ba ne. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Yin gwajin ba ya buƙatar sabuwar manhaja, amma yana da ƙa'idoji da in aka karya ɗaya an ɓata aikin. A raba mutanen gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ba zaɓin hannu ba, domin in manaja ne ya zaɓi waɗanda za a aika wa rangwame, na kirki zai tsinto, kuma an koma gidan jiya. A yi wa gida ɗaya sabon abin, a bar ɗayan yadda yake, a lokaci guda. Kafin a fara, a rubuta adadin da za a duba da ranar da za a tsaya, don kada a riƙa leƙe ana jiran ranar da sakamako ya yi daɗi a ce an gama. A bar gwajin ya cinye cikakkun makonni, saboda halin masu saye a farkon mako daban yake da na ƙarshensa. Kuma a duba riba, ba yawan ciniki ba. In a rassa za a gwada, kada a ba reshen da ya fi ƙwazo sabon tsarin sannan a kwatanta shi da rago. A haɗa rassa masu kama da juna biyu-biyu, ƙuri'a ta raba su. Wani abu kuma da ya shafe ku musamman: matsakaicin kamfani ba shi da yawan mutanen da zai gano bambancin kashi ɗaya cikin ɗari, ƙaramin bambanci irin wannan zai nutse cikin numfashin kasuwa. Ku bar gwada launin maɓalli ga masu miliyoyin baƙi. Ku gwada manyan abubuwa: a caji kuɗin kai kaya ko a yafe, a yi rangwame ko a bari, a kira wanda ya daɗe bai saya ba ko a ƙyale shi.

Akwai kuma waɗanda babu su a bayananku kwata-kwata. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1943, masanin lissafi Abraham Wald ya yi nazarin raunukan harsashi a jikin jiragen yaƙin Amurka da suka dawo. Hankali zai ce a ƙara sulke inda ramuka suka fi yawa. Lissafinsa ya nuna akasin haka: jiragen da ake dubawa su ne waɗanda suka sha harbi suka tsira, waɗanda aka samu a wurare irin su inji ba su dawo ba balle a ƙirga su. Rumbun bayananku cike yake da jiragen da suka dawo. Babu wanda ya shigo ya tarar kaya sun ƙare ya juya, babu wanda ya ga farashi ya fice shiru, babu wanda aka hana bashi alhali da ya biya. Hatsarin a fili yake wajen saro kaya: haja ta ƙare a sito ranar goma ga wata, cinikinta na watan ya fito kaɗan, tsarin ya ce ba a son ta, wata mai zuwa a saro ƙasa da haka. Ku fara rubuta ranakun da kowace haja ta yanke, da abin da mutane suka nema ba su samu ba. Ku kira kaɗan daga waɗanda suka daina zuwa, ku saurare su. Hira da mutum goma irin waɗannan takan buɗe ido fiye da zanen da aka gina a kan mutum dubu goma da suka rage.

In kun samu ma'auni mai kyau, ku yi hattara da ɗaura albashi ko ladan ma'aikata a kansa shi kaɗai. Masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya Charles Goodhart ya lura tun 1975 cewa ma'auni yakan lalace da zarar an mai da shi abin da ake matsa wa mutane su cimma. Bankin Wells Fargo na Amurka ya matsa wa ma'aikatansa a kan yawan asusun da suke buɗe wa kowane abokin hulɗa. Adadin ya yi ta hawa. A 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185 bayan an gano an buɗe asusu kusan miliyan biyu ba da sanin masu su ba, kuma ma'aikata kusan 5,300 sun rasa aikinsu a kan lamarin. Dabarar da nake bi ita ce kowane ma'auni a haɗa shi da mai tsaronsa: yawan ciniki da yawan kayan da aka dawo da su, saurin kammala kiran waya da yawan waɗanda suka sake kira a kan matsala ɗaya, sababbin abokan ciniki da waɗanda suka sake saye bayan wata uku.

Na san nan gaba wani zai zo ya tallata muku hasashe da ƙirƙirarriyar basira. Suna da wurinsu, musamman wajen ƙiyasta buƙatar kaya, amma duk wani tsarin hasashe daga jiya yake koyo, in kiɗa ya canza shi bai san rawa ta canza ba. Kamfanin Zillow na Amurka ya dogara da tsarin ƙiyasta farashi yana sayen gidaje don ya sake sayarwa. A Nuwamban 2021 ya rufe wannan sashe, ya sanar da rage kusan kashi ɗaya bisa huɗu na ma'aikatansa, bayan ya rage darajar gidajen da ke hannunsa da fiye da dala miliyan 300 a wata uku, domin ya saye su sama da abin da za su sayu. Kafin ku biya kuɗin kowane tsarin hasashe, ku sa ya kara da hasashe mafi sauƙi, wato a ce wannan makon zai yi kamar takwaransa na bara, a kan watannin da ba a nuna masa ba. In bai doke shi da tazara mai ma'ana ba, ku riƙe kuɗinku. In ya doke shi, ku ci gaba da auna kuskurensa duk wata, kuma ku sa iyakar da in ya haura ta mutum zai karɓi ragama.

Bayanan mutane kuwa amana ne. Kada ku tara abin da ba ku da tambayar da zai amsa, ku taƙaita masu iya buɗe shi, ku san dokar ƙasar da abokan cinikinku suke. A Tarayyar Turai dokar kare bayanai da ta fara aiki a Mayun 2018 tana iya cin kamfani tarar da ta kai kashi 4 cikin ɗari na cinikinsa na shekara a duniya baki ɗaya.

Da ni ne a kujerarka, cikin wata uku masu zuwa shawara ɗaya zan kama, wataƙila ta rangwame, domin a nan na fi ganin kuɗi na zurarewa ba a sani ba. Zan zauna da mai yanke ta, ba da mai zana alƙaluma kaɗai ba, mu amince a rubuce a kan abin da zai sa ya canza ra'ayi. Wannan yarjejeniya kafin sakamako ya fito ita ce ke hana a ce daga baya ai lokacin ne bai dace ba. Zan ware kashi ɗaya bisa goma na waɗanda za a aika wa saƙon ta hanyar ƙuri'a, a hana su, in kwatanta ribar kowane mutum a gidajen biyu bayan mako huɗu. Sannan zan buɗe littafi guda in riƙa rubuta kowace shawara, da abin da muka zata zai faru, da abin da ya faru a zahiri, a karanta shi a farkon zaman mako kafin a kunna allo.